Kafin Mu Kira Mutum Miskili

Jama'a, duk wanda ya baro gida ya zo Kurmi neman halaliya ya san mutum biyu ne a cikin rigarsa. Akwai wanda yake fita da asuba, ya gai da mai gida da ɗan Yarabancin da ya tsinta a bakin titi, ya yi wa kwandasta murmushi ko da an taka masa ƙafa, ya haɗiye maganar da in a garinsu ne da ba zai haɗiye ba. Akwai kuma wanda yake komowa ɗaki bayan lisha, ya tuɓe riga, ya kunna rediyo, ya yi hira da harshen da ya sha a nono. Na farkon shi ke samo abin sawa a baka, na biyun shi ke hutawa. To, akwai waɗansu 'yan'uwanmu da ko sun komo ɗaki, kai ko garinsu suka koma, ba su da inda za su tuɓe wannan riga. A kansu zan yi magana yau.

Shekarun baya mun yi zaman ɗaki ɗaya a Agege da wani saurayi ɗan Gude, can ƙasar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa. Tirelar shanu ya biyo daga kasuwar Mubi, ya sauka a Oko-Oba, dillalai kuwa suka riƙe shi don lissafi. Ka tambaye shi bijimin da aka sayar wata uku da suka wuce, sai ya faɗa maka launinsa da kuɗinsa da ranar da aka sallama shi, ba ya ko duba littafi. Gaisuwarsa kuma ba ta da makusa. Zai jero maka ita tun daga kwana har gajiya har iyali, ɗaya bayan ɗaya, kullum a tsari guda. Amma in ka katse shi a tsakiya da wata tambaya dabam, sai ya tsaya cak kamar wanda aka ɗauke wa wuta. Da an tashi kasuwa sai ya shige lungu, ya juya wa mutane baya, ya lulluɓe kai da zane, ya yi awa biyu ba uffan. Ƙarar janareton maƙwabta takan sa ya toshe kunne yana rawar jiki. Mu kuwa me muka ce? Muka ce miskili ne, muka riƙa yi masa karin maganar nan ta miskili ka fi mahaukaci ban haushi. Wani dattijo a cikinmu ya ce mutanen ɓoye ne, a nemo turare.

Wata rana da dare, sauran sun tafi kallon ƙwallo, ya ce da ni, "Yaya, kun ce ba na son mutane. Wallahi ina so. Gajiya nake yi." Ya ce tun yana yaro bai san lokacin da ake dariya ba, sai ya koyi duban bakin mutane, in ya ga sun buɗe shi ma ya buɗe. In mai sayen sa ya tsaya gabansa, tsakanin girarsa yake kallo yana ƙirge a zuci, in ya kai biyar ya sauke kai, don kada a ce yana da rashin gaskiya. Gaisuwar nan da muke yabo kuwa haddace ta ya yi kamar karatun allo, yana bita a bayan gida kafin ya fito. Ya ce, "Yaya, ku kuna hira, ni aiki nake yi." Ya haura shekara talatin kafin wani likita ya zauna da shi, ya bi tarihinsa tun daga ƙuruciya, ya gaya masa sunan abin da yake tare da shi.

Likitoci suna kiran abin otizim. Gidajen rediyonmu sukan ce galahanga, ko da yake mutane suna jibga wa wannan kalma lalurori iri iri waɗanda ba su da dangantaka da juna. Otizim ba hauka ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Yadda ƙwaƙwalwa ta ginu ne tun farko, watau mutum yana shan wahalar karanta fuska da habaici da abin da ake nufi ba a faɗa ba, yana son abu ya tafi a tsari ɗaya, yana ƙwallafa rai a kan abin da ya ba shi sha'awa, sa'an nan ƙara ko haske ko taɓi sukan dame shi fiye da kima. Wani ba ya magana sam, yana bukatar mai kula da shi har abada. Wani kuwa yana karatu, yana ciniki, yana aure. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya bayyana shi a 1943 bayan ya lura da yara 11. An daɗe ana zaton abin na Turawa ne, sai a 1978 Victor Lotter ya buga binciken da ya yi a waɗansu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, inda ya samu yara masu irin waɗannan alamu. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023 shi ne kimanin yaro 1 cikin 100. Yaro kuwa ba ya zama yaro har abada. Wanda aka haifa da abin a Gude ko Gella shekara talatin da suka wuce, yau magidanci ne, wataƙila ma shi ne yake gadin gidan da ke kusa da naka a Ikko.

Abin da abokin zamana ya kwatanta mini a daren nan, masana sun ba shi suna, suna ce masa ɓad da kama, har sun yi masa ma'auni. A 2019 wata masaniya a Landan, Laura Hull, da abokan aikinta suka fito da takardar tambayoyi 25 mai suna CAT-Q, bayan sun gwada ta a kan manya 354 masu otizim da 478 marasa shi. Kowace tambaya mutum zai ba kansa maki daga 1 zuwa 7, watau jimla tana kamawa daga 25 zuwa 175. Sun kasa tambayoyin kashi uku. Kashi na farko dabarun cike giɓi ne, kamar kwaikwayon yadda wani yake tsayuwa, ko shirya magana tun daga gida, ko koyon mu'amala daga fim. Na biyu rufe alamu ne, watau mutum ya riƙa tsaron fuskarsa da idonsa da hannuwansa kada su tona shi. Na uku shi ne cusa kai cikin jama'a ala tilas alhali zuciya ba ta so. Takardar ba ta gaya wa mutum ko yana da otizim ko ba shi da shi, wannan aikin likita ne. Nauyin kayan da mutum yake ɗauke da shi a ɓoye take aunawa. Masu bincike a Ingila sun kuma samu cewa waɗanda suka fi ɓad da kama sun fi fama da fargaba da baƙin ciki mai tsanani, har da tunanin kashe kai. Saboda haka awon ba wasa ba ne.

To, amma mu 'yan kasuwa mun san wani abu game da awo. A gida da mudu da tiya muke auna hatsi. A Ikko gwangwanin derika ne, a Badun kongo. Wanda ya zo da mudun garinsu ya kafa a Bodija, ko dai ya cuci mai saye ko ya cuci kansa. Mutanen da ke magana da Sinanci sun gane haka. A ƙasar Sin sai a 1982 wani likita a birnin Nanjin, Tao Guotai, ya fara gano masu otizim, sunan da suka raɗa wa abin kuwa ma'anarsa ciwon kaɗaici. Da aka juya takardar Landan zuwa Sinanci aka gwada ta a kan matasa a tsibirin Taiwan, ba ta fito yadda ta shiga ba. Tambayoyi 25 suka koma 23, kashi ukun nan kuma suka koma biyu, domin cike giɓi da rufe alamu sun haɗe wuri ɗaya a amsoshin da aka samu. An kuma juya ta zuwa harsunan Italiya da Holan da Japan, kowa yana gwadawa a kan mutanensa kafin ya amince da ita. Dalili a fili yake. A wurin Sinawa kiyaye mutuncin iyali da girmama na gaba da ƙin fita daban a cikin jama'a abubuwa ne da ake horar da kowane yaro a kai, mai otizim da marar shi. In kowa yana tsaron fuskarsa, to tambayar ko kana tsaron fuskarka ba za ta raba maka tsaki da tsakuwa yadda take yi a Landan ba.

A ganina namu ya ma fi na Sinawa sarƙaƙiya. Ɗauki maganar ido. Bature yana ganin wanda ba ya kallon idonsa akwai abin da ke damunsa, shi ya sa mai otizim a can yake tilasta wa kansa kallo. Mu kuwa yaron da ya tsura wa babba ido shi ne marar kunya. Yarinyar da ta sunkuyar da kai ta yi shiru ita ce mai tarbiyya. A ƙasar Adamawa ma ga fulako, wanda ginshiƙansa su ne kunya da haƙuri da hankali, mutum ya ji yunwa ya ce ya ƙoshi, ya ji ciwo ya danne. Bahaushe ma yana da kara da kawaici. Watau al'adarmu da kanta takan yi wa mai otizim lulluɓi tun yana ƙarami, har ya girma ba wanda ya lura. Sai ya zo Kurmi, inda ciniki yake son ɗaga murya da haɗa ido da raha da wanda ba ka sani ba, sa'an nan lulluɓin ya yaye, ya koma saƙa wani da hannunsa.

Dubi kuma gaisuwa. Takardar Landan tana ɗaukar shirya magana tun daga gida alamar ɓad da kama. Mu kuwa gaisuwarmu duka shiryayya ce, tambaya sananniya, amsa sananniya, ko kana kwance asibiti "lafiya lau" za ka ce. Wannan rahama ce ga irin abokin zamana, domin ya samu hanya shararriya da zai bi. Amma in ka tambayi Bahaushe ko yana amfani da haddataccen zance wajen mu'amala, kowa zai ce i, ma'aunin ya tashi a banza. Sa'an nan ga harshe. Mutumin Gude yana tashi da Gudanci a gida, Fulatanci da Hausa a kasuwar Mubi, Turanci a makaranta, in ya zo nan ya ƙara da burokin da Yarabanci. Da wane harshe za ka tambaye shi abin da ke cikin ransa? A wane daga ciki yake jin shi ne shi? Kada kuma mu manta da abin da ya sami Mubi a watan Oktoba na 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kama garin, jama'a suka watsu cikin duwatsu, waɗansu har Kamaru, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba. Mutumin da ya ga wannan tashin hankali yana iya zama mai shiru, mai firgita da ƙara, mai gudun taro, alhali ba otizim gare shi ba. Ma'aunin da bai san tarihin gari ba sai ya haɗa su a buhu ɗaya.

Na san wani zai ce, "Malam, kai ma da neman magana. Wa ba ya ɓoye halinsa? Ai zaman duniya ɗan haƙuri ne, kowa ya fito da abin da ke cikinsa gari ba zai zaunu ba." Gaskiya ne, ni ma ba na kiran a zubar da kunya. Masu binciken ma sun ga marasa otizim suna samun maki a takardar, musamman masu jin nauyin shiga mutane. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya ɗauki buhu daga mota zuwa rumfa ya sauke, da wanda aka ɗora masa tun yana shekara biyar aka ce kada ya kuskura a ga yana nishi. Ni da kai in mun yi kawaici mun san abin da muka danne, mun kuma san wurin da za mu je mu amayar. Shi kuwa sai ya lissafa abin da mu yake zo mana a banza, kowace fuska sai ya yi mata tafsiri, kowace dariya sai ya auna ta. Rannan da ƙarfinsa ya ƙare, ya fashe da ihu ko ya kulle kansa kwana uku, sai mu ce ga shi nan, dama mun faɗa, iska ce.

Daga nan kuma hanyar da muke bi sananniya ce, hayaƙi, duka, mari a ƙafa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, iyaye ne kuwa suka kai mafi yawansu da sunan gyaran hali. Ban ce masu otizim ne ba. Abin da nake cewa shi ne, al'ummar da ba ta da sunan da za ta kira bambanci da shi, sarƙa takan zama amsarta. Wata hanyar kuma ita ce a ce a yi masa aure zai warware. Aure alheri ne, masu otizim da yawa suna zaune lafiya da iyalinsu, amma ba magani ba ne, kuma zalunci ne a kai 'yar mutane gidan da ba a gaya mata komai ba.

Mata su suka fi ban tausayi a wannan sha'ani. An daɗe ana cewa maza huɗu ne ga mace ɗaya, amma wani nazari da aka buga a 2017 ya nuna abin ya fi kusa da uku ga ɗaya, watau akwai matan da likitoci suke tsallakewa. Binciken ɓad da kama ya kuma nuna mata masu otizim sukan fi maza maki. Ka kawo wannan gidajenmu. Yarinya mai shiru ana yabonta har ranar da aka kai ta ɗakin miji. Sa'an nan ga dangin miji, ga biki, ga suna, ga kishiya, ga habaicin tsakar gida wanda ba ta gane kansa. Shekara ba ta cika ba an ce tana da girman kai, ko baƙin hali, ko an yi mata sammu. Zawarawa nawa ne a garuruwanmu waɗanda laifinsu ke nan?

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan a gyara ilmin Turawa ya dace da mu. Nan kusa da mu a Aro ta Abekuta, a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu maimakon kulle su, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya, duniya ta zo tana koyo. Irin wannan tunani nake roƙo. Jami'ar Jihar Adamawa tana cikin Mubi tun 2002, ga asibitin koyarwa a Yola, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Maiduguri. Malamansu su haɗa kai da masana harshe su yi mana mudunmu da Hausa da Fulatanci da Gudanci. Kada a tsaya ga juya kalmomi. A zauna da masu lalurar kansu, maza da mata, a ji dabarun da suke yi a zaure da masallaci da coci da gidan biki, daga bakinsu a ciro tambayoyin. A kuma yi shi yadda za a iya karanta wa wanda bai yi boko ba, ko a rubuta da ajami. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, saboda haka tilas a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su san alamun, su san inda za su tura mutum. Doka ma tana bayanmu. An sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman a watan Janairu na 2019, ta kula da lafiyar ƙwaƙwalwa kuma a Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Saura aiki da su.

Amma kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu, mu da muke kwana shida shida a ɗaki. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, da shugabannin kasuwanni, su ne iyayen baƙi a nan. In an kawo muku ƙarar yaro cewa ba ya shiga mutane, ku tambaya tukuna: yana cin amana? Yana wasa da aikinsa? In amsa a'a ce, a ƙyale shi da lungunsa. Maigida ya yi masa magana kai tsaye, ban da habaici, in za a sauya masa aiki a gaya masa tun da wuri. In an ga alamun ƙunci sun yi yawa, ya daina cin abinci, ko yana ambaton mutuwa, kada a jira, ga asibitin Yaba ga na Aro, a raka shi. Ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta don wannan lalura, me zai hana ƙungiyoyinmu na 'yan gari su gayyato likita ya yi mana bayani da Hausa?

Abokin zamana yana nan, har yanzu shi ke riƙe da lissafin dillalai. Abin da ya sauya kaɗan ne. Mun daina jansa kallon ƙwallo, mun bar masa kusurwar da ta fi nisa da janareto, in ya lulluɓe kai ba mai ce masa kanzil. Da ya huta da kansa yake fitowa, ya haɗa mana shayi, ya ba mu labarin duwatsun garinsu da yadda ake noman dawa a gefensu har mu ce ya isa. Ashe mai hira ne, mu ne ba mu ba shi wurin sauke kaya ba.

Allah ya ba mu ikon sauƙaƙa wa juna, ya mai da kowa gida lafiya. Amin.